Kafin a Ɗaura wa Mutum Munduwar Sa Ido, a Nuna Mana Doka, a Kuma Ji ta Bakinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani al'amari da nake ganin yana tafe gare mu, alhali ƙasashen da suka riga mu shiga cikinsa har yau ba su gama warware shi ba. Ina nufin na'urar nan da ake ɗaura wa mutum a idon sawu bayan kotu ta yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka, wadda take sanar da hukuma inda yake dare da rana. Duk lokacin da aka tayar da zancen cunkoson gidajen gyaran hali a Najeriya, inda kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, ba a rasa wanda zai kawo shawarar a sayo wannan munduwa a rage jama'a a bayan kanta. Ni ma ina son a rage cunkoson, kuma na yarda cewa mutum ya kwana a ɗakinsa cikin iyalinsa ya fi masa kwana a ɗakin da aka gina don mutum goma aka zuba arba'in. Amma akwai tambayoyi biyu da ban cika jin masu wannan shawara suna yi ba. Wane ne ke da ikon ɗaura wa ɗan ƙasa wannan na'ura, kuma a wace doka aka rubuta ikon? Idan kuma na'urar ta aika da saƙo cewa mutum ya saɓa sharaɗi, wane ne zai zauna ya saurare shi kafin a mayar da shi kurkuku?

Amurka ce ta fi daɗewa da wannan aiki, don haka a can ne ya dace mu duba. Shi kansa tsarin sakin mai laifi a ƙarƙashin sa ido ya samo asali ne daga birnin Boston, inda wani mai sana'ar takalma, John Augustus, ya roƙi kotu a 1841 ta damƙa masa wani mashayi ya kula da shi maimakon a kulle shi, kuma a 1878 jihar Massachusetts ta mayar da abin doka. Na'urar kuwa ta zo daga baya. Wasu tagwaye masu bincike a Jami'ar Harvard, 'yan gidan Schwitzgebel, sun gwada irinta a shekarun 1960, sannan a 1983 wani alƙali a Albuquerque ta jihar New Mexico, Jack Love, ya fara ba da umarnin a ɗaura wa masu laifi. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta cewa waɗanda ke ɗauke da na'urar a Amurka sun tashi daga kimanin 53,000 a 2005 zuwa sama da 125,000 a 2015. Na'urar iri biyu ce. Akwai wadda take magana da wani ɗan akwati da aka ajiye a gidan mutum, aikinta kawai ta faɗi ko yana gida a sa'o'in da aka hana shi fita. Akwai kuma wadda take amfani da tauraron ɗan'adam da layin wayar salula, tana rubuta duk inda ya taka, tana kuma aika gargaɗi idan ya shiga unguwar da aka haramta masa, ko batirinta ya yi sanyi, ko aka taɓa maɗaurinta, ko ta daina samun sadarwa. Gargaɗin yana zuwa ne wata cibiya, wadda sau da yawa kamfani mai zaman kansa ne yake gudanar da ita, daga can kuma a sanar da jami'in da ke kula da mutumin.

Zan fara da batun iko, domin a nan ne hukumomi suka fi yin sakaci, suna ɗaukar cewa tunda an riga an sami mutum da laifi, duk abin da aka ɗora masa a wajen kurkuku rangwame ne da ya kamata ya karɓa da godiya. Dokar tarayyar Amurka ba ta bar abin a haka ba. Ta ambaci sa ido da na'ura ƙarara a cikin sharuɗɗan da alƙali yake iya gindayawa, ta kuma ce tsare mutum a gida ta wannan hanya sai dai ya zama madadin ɗauri, wato ba ƙari ne da za a lafta wa wanda dama bai cancanci kurkuku ba. Kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya sun sha nanata cewa yanke irin hukuncin da mutum zai ɗauka aikin alƙali ne, ba ya halatta ya miƙa shi ga jami'in sa ido ya ce ka ɗaura masa in ka ga dama. Jami'i yana iya tsara ranar da za a ɗaura da sa'ar da mutum zai fita aiki, amma ko za a ɗaura ko ba za a ɗaura ba, wannan magana ce ta kotu, a fili, a gaban wanda abin ya shafa da lauyansa.

Shari'ar da ta fi bayyana mini haɗarin aiki ba tare da doka ba ta faru ne a Birtaniya. Ko da yake ta shafi harkar shige da fice ne, darasinta ya hau kan maganarmu daidai. Ma'aikatar cikin gida ta ƙasar ta ɗaura wa wani mutum mai suna Jalloh na'ura, ta kuma umarce shi da zama a gida daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe, aka yi ta haka har kwana 891. Daga baya ta tabbata cewa sashen dokar da ma'aikatar ta dogara da shi ya ba ta ikon faɗa wa mutum adireshin da zai zauna ne kawai, bai ba ta ikon hana shi fita da dare ba. Lauyoyin gwamnati suka ce ai ba a kulle masa ƙofa ba, babu mai gadi a bakin gidansa, da ya so fita da ya fita. A watan Fabrairun 2020 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yi watsi da wannan hujja, ta ce mutumin da aka ce kada ya fita, aka sa masa na'urar da za ta tona shi in ya fita, aka kuma tsoratar da shi da tara ko ɗauri, to tsararre ne, kuma tsarewar da ba ta da tushe a doka haramtacciya ce. An biya shi diyyar fam 4,000. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka auna su da dare 891, amma hukuncin ya tsayar da ƙa'idar da nake so masu tsara dokokinmu su riƙe, cewa ikon sa ido a dunƙule ba ya haifar da ikon tsare mutum a gida ko manna masa na'ura a jiki, sai majalisa ta rubuta hakan da baƙin alƙalami.

A jihar Massachusetts, inda tsarin ya faro, Kotun Ƙolin jihar ta bi wannan batu daki-daki cikin shekaru goma, kuma bin sawunta yana da amfani. A 2006 majalisar jihar ta yi doka cewa duk wanda aka samu da wasu laifuffukan lalata kuma aka sake shi a ƙarƙashin sa ido, dole ne a ɗaura masa na'urar tauraron ɗan'adam. A shari'ar Cory ta 2009 kotun ta ce na'urar horo ce, domin tana manne da jikin mutum ba dare ba rana kuma tana taƙaita inda zai taka, saboda haka ba za a ɗora ta a kan wanda ya aikata laifinsa kafin a yi dokar ba. A shari'ar Goodwin ta 2010 ta ƙara da cewa alƙali ma ba ya da ikon ya waiwayo bayan an gama yanke hukunci ya ƙara wa mutum na'ura, matuƙar bai saɓa wani sharaɗi ba kuma babu wani sabon abu mai nauyi da ya taso, domin yin hakan tsananta hukuncin da aka riga aka yanke ne. Sai a 2015 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Grady da jihar North Carolina, ta ce ɗaura wa mutum na'ura a jiki domin bin motsinsa bincike ne irin wanda tsarin mulki ya yi wa iyaka, kamar shiga gidansa a yi caje, don haka tilas a nuna cewa yana da dalili mai ma'ana. A kan wannan ne kotun Massachusetts ta gina hukuncinta na 2019 a shari'ar Feliz, inda ta ce ba ya halatta a yi wa kowa kuɗin goro. Dole alƙali ya dubi mutumin da ke gabansa, ya auna buƙatar hukuma da irin kutsen da za a yi wa rayuwarsa, sannan ya yanke.

Ba na ɓoye cewa waɗannan shari'u sun shafi mutanen da aka samu da laifuffuka masu muni, waɗanda zuciya ba ta saurin tausaya musu, kuma na san akwai matan da na'urar ta zame musu kariya, domin ita ce ke yin gargaɗi idan tsohon mijin da kotu ta hana kusantarsu ya doshi unguwarsu. Kotunan Amurka su ma ba su ce wanda ke ƙarƙashin sa ido yana da cikakken 'yancin sauran jama'a ba. Tun a shari'ar Griffin ta 1987 Kotun Ƙoli ta yarda jami'i ya bincika gidan irin wannan mutum ba tare da waranti ba idan yana da dalili mai ma'ana. An rage masa 'yanci, wannan gaskiya ne. Sai dai ragin yana da iyaka, kuma doka da alƙali ne suke shata iyakar, shi ya sa nake ganin dacewar a gwada ƙa'ida a kan wanda jama'a ba sa so, domin idan ta tsaya a kansa za ta tsaya a kan yaron da ya saci waya a kasuwa.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko ciwo, domin a nan ne ake mayar da mutane kurkuku ba tare da sun aikata sabon laifi ba. Kafin 1972 jihohin Amurka da dama suna ganin sakin mai laifi alfarma ce, wanda ya bayar kuma yana iya karɓewa ba tare da ya yi wa kowa bayani ba. A shekarar ne Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Morrissey daga jihar Iowa, ta ce 'yancin mutumin da aka saki bisa sharaɗi, ko da na aro ne, yana da daraja, domin yana aiki, yana zaune da iyalinsa, kuma ƙwace shi babbar hasara ce da ba za a yi ta da rahoton jami'i kaɗai ba. Kotun ta ce a yi zama biyu, na farko cikin gaggawa bayan kamu don a ga ko akwai dalilin ci gaba da riƙe shi, na biyu kuma don a yanke magana. Ta ce a rubuta masa abin da ake zarginsa da shi, a nuna masa hujjojin da ake riƙe da su, a ba shi dama ya yi magana da bakinsa ya kawo shaidu da takardu, ya kuma yi wa masu ba da shaida a kansa tambayoyi sai fa in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin hanawa. Wanda zai yanke hukunci ya zama ba shi da hannu a rigimar, kuma ya rubuta dalilansa. Shekara guda bayan haka, a shari'ar Gagnon da Scarpelli ta 1973, aka shimfiɗa wannan kariya a kan masu ɗaurin je-ka-gyara-halinka. Scarpelli mutum ne da kotun Wisconsin ta yanke wa shekara 15 ta jingine, aka sake shi, aka kama shi a jihar Illinois bisa zargin fasa gida, sai hukuma ta tura shi ya fara cin shekarunsa 15 ba tare da an zaunar da shi an ji ta bakinsa ba. Kotun Ƙoli ta ce hakan kuskure ne, ko da kuwa an kama shi a cikin gidan da ake magana.

Wannan kariya tana da gibi, kuma na'urar ta shiga ta gibin ne. A irin wannan zama ba a buƙatar hujjar da ta kawar da kokwanto kamar a shari'ar laifi, a yawancin wurare ya isa a nuna cewa zargin ya fi rinjaye. Ana karɓar shaidar ji-ta-ji-ta idan alƙali ya ga abin dogaro ce. Kotun Ƙoli ba ta ce dole a ba kowa lauya ba, ta bar shi ga yanayin kowace shari'a, ko da yake dokar tarayya da jihohi da yawa sun ƙara da kansu. To a sa takardar da kwamfuta ta fitar a cikin wannan zama, mai taswira da ɗige-ɗige da lokaci har da daƙiƙa, a gefe guda kuma a tsayar da lebura wanda ba abin da ke hannunsa sai rantsuwa cewa yana wurin aikinsa. Alƙali ɗan'adam ne, zuciyarsa za ta karkata ga takardar. Alhali duk wanda ya taɓa riƙe wayar salula ya san cewa alamar da ke nuna inda kake tana iya tsallakawa titi ta ajiye ka a gidan maƙwabci, kuma sadarwa tana ɗaukewa a cikin gini mai kauri ko ƙarƙashin rufin kwano. A shari'ar Feliz an nuna wa kotu cewa na'urar ta sha aika gargaɗi saboda matsalar sadarwa da ta caji, har mutumin yakan bar abin da yake yi ya fita waje yana zagaye don na'urar ta sake kama tauraro. A yi tunanin mai aiki a masana'anta da zai ajiye aiki ya fita bakin titi yana kai da kawowa, abokan aikinsa suna kallonsa, maigidansa yana duba agogo. Aikin da kotu ta ce ya riƙe a matsayin sharaɗin sakinsa, na'urar kotun ce take neman raba shi da shi.

Shari'ar wani mutum mai suna Canadyan ta 2010 a Massachusetts ita ce ta fi kusa da halin da muke ciki. Mutumin ba shi da muhalli, yana kwana ne a gidan da ake saukar da marasa galihu, wurin kuma ba shi da abin da na'urar take buƙata don ta yi aiki. Ƙaramar kotu ta ce ya saɓa sharaɗi tunda ba ya ɗauke da na'ura mai aiki. Kotun Ƙolin Massachusetts ta soke wannan hukunci, ta ce ba a kama mutum da saɓa sharaɗi a kan abin da ya fi ƙarfinsa, matuƙar ba a nuna cewa da gangan ya ƙi ba. A 2021 kuma, a shari'ar Davis, kotun ta karɓi shaidar na'ura game da inda mutum yake, amma ta ƙi karɓar shaidarta game da saurin tafiyarsa, saboda ba a nuna cewa an taɓa gwada ingancin na'urar ta wannan fuska ba. Abin da na fahimta daga hukunce-hukuncen biyu shi ne gargaɗin na'ura zargi ne kawai, kuma mai zargi shi ke da nauyin kawo hujja, wadda a nan ta haɗa da nuna cewa na'urar lafiyarta ƙalau a ranar, an gwada ta, kuma wanda ya karanta bayananta ya san aikinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe suna karantar da cewa hujja tana kan mai da'awa, kuma alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji daga ɓangare na biyu kamar yadda ya ji daga na farko.

Sai batun kuɗi. A jihohin Amurka da yawa wanda aka ɗaura wa na'urar shi ne yake biyan kuɗin hayarta kullum, wani lokaci kai tsaye ga kamfani, kuma rashin biya yana iya zama saɓa sharaɗi. Tun a 1983 Kotun Ƙolin Amurka ta yi magana a kan makamancin wannan a shari'ar Bearden da jihar Georgia. An ci mutumin tarar dala 500 da diyyar dala 250, ya ranto dala 200 daga iyayensa ya fara biya, sai aka sallame shi daga aiki, ga shi bai iya karatu ba, ya nemi wani aikin bai samu ba, aka tura shi kurkuku. Kotun ta ce kafin a ɗaure mutum saboda rashin biya sai an bincika ko ƙin biya ya yi ko kasawa, in kuwa kasawa ce sai a nemi wata hanyar horo. Jihar California ta ga abin bai gyaru ba, ta yi doka a 2020 ta soke kuɗin na'urar da wasu kuɗaɗen kotu. Mu da muka ga yadda a ƙarshen 2023 ma'aikatar cikin gida ta tara naira miliyan 585 don a fanshi fursunoni 4,068 da tara da diyya suka riƙe, bai kamata mu buɗe wata sabuwar ƙofar da talauci zai riƙa mayar da mutane ciki ba. Shigar kamfanoni kuma tana da nata haɗarin. A 2013 aka gano cewa kamfanonin Serco da G4S, masu kwangilar wannan aiki a Ingila da Wales, sun riƙa cajin gwamnati kuɗin sa ido a kan mutanen da suka koma kurkuku, da waɗanda suka bar ƙasar, har da waɗanda suka mutu. Serco ya mayar da fam miliyan 68.5, G4S ya mayar da fam miliyan 108.9. Idan bayanan kamfani suna iya nuna cewa ana sa ido a kan mamaci, ban ga dalilin da zai sa a ɗauki bayanansa a kan rayayye kamar ba sa kuskure ba.

Malam Edita, abin da ya sa na ce al'amarin yana tafe gare mu shi ne an riga an share masa fage. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta tanadi sakin mai laifi bisa sharaɗi, da jingine hukunci, da aikin yi wa al'umma hidima, kuma jihohi sun yi nasu kwatankwacinta, ciki har da Kaduna a 2017 da Kano a 2019. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta kafa sashe na musamman mai kula da hukuncin da ba na tsarewa ba. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya fitar da gidajen yari daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, wanda ke nufin majalisun jihohi ma suna iya yin doka a wannan fage. Senegal ta riga ta yi dokar munduwar tun 2020. Ranar da wani gwamna ko minista zai rattaba hannu a kwangilar sayo na'urorin ba ta da nisa, kuma tun ran gini ran zane.

Ma'aunin da za a bi yana cikin tsarin mulkinmu na 1999. Sashe na 35 ya ce ba a tauye 'yancin walwalar mutum sai a yanayin da ya lissafa kuma ta hanyar da doka ta tsara. Sashe na 36 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi cikin adalci a gaban kotu mai zaman kanta. Sashe na 37 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da sadarwarsa, sashe na 45 kuma ya ce in za a taƙaita wannan sirri sai da doka, dokar kuma ta zama mai hujja a ƙasar dimokuraɗiyya. Takardar umarnin cikin gida daga wani ofishi, ko yarjejeniya tsakanin ma'aikata da kamfani, ba doka ba ce. Ƙa'idojin Tokyo game da hukuncin da ba na tsarewa ba, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 1990 sun faɗi haka, sun kuma ƙara da cewa a yi wa mutum bayanin sharuɗɗansa da baki da kuma a rubuce tun daga farko, kuma gazawar hukuncin da ba na tsarewa ba kada ta zama hanyar kurkuku kai tsaye. A wurinmu bayanin nan dole ya kasance da harshen da mutum yake ji. Wanda aka karanta wa sharuɗɗa da Turanci ya dangwala yatsa, bai san an hana shi ƙetare wata gada ba, ba za a ce ya saɓa da gangan ba ranar da ya ƙetare ta zuwa jana'izar kawunsa.

Dokar da za a rubuta tana buƙatar ta san ƙasar da za ta yi aiki a cikinta. Na'urar tauraron ɗan'adam tana son caji kusan kullum, mu kuwa akwai unguwannin da suke kwana da kwanaki ba su ga wuta ba, mutane suna kai wayoyinsu shagon mai caji su bari su dawo. Munduwa ba a cire ta a bar wa mai shago, sai dai mutum ya zauna a kan benci, ƙafarsa a miƙe, waya ta taso daga idon sawunsa zuwa soket, duk mai wucewa yana kallo, kuma ya biya daga aljihunsa. Manomin da gonarsa take bayan gari inda babu sabis zai riƙa ɓacewa daga allon cibiya kowace safiya. A 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan jihohin da ke maƙwabtaka da ita na tsawon makonni saboda matsalar tsaro, kuma da akwai masu ɗauke da munduwa a lokacin da dukkansu sun zama masu laifi a idon kwamfuta a dare ɗaya. Saboda haka ya kamata dokar ta faɗi a sarari cewa mutuwar batiri ko ɗaukewar sadarwa ba saɓa sharaɗi ba ce sai an tabbatar da ganganci, kuma nauyin tabbatarwar yana kan hukuma. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya riga ya ce kafin a karɓi abin da kwamfuta ta fitar sai an nuna cewa tana aiki daidai a lokacin, don haka kada a yi wa wannan zama sassaucin da zai kauce wa sashen.

Ya kamata kuma dokar ta ce kotu kaɗai ke ba da umarnin ɗaurawa, bayan ta ji ɓangarorin biyu, ta rubuta dalili, ta kuma sa wa'adi, wa'adin da ba zai wuce tsawon hukuncin ba, tare da damar mutum ya dawo ya nemi a cire ko a sassauta idan halinsa ya canja. Kada a ɗaura wa wanda dama da beli ko gargaɗi za a sallame shi, domin in aka yi haka gidajen yari ba za su ragu ba, sai dai a ƙara yawan waɗanda ke hannun hukuma. Wanda aka kama saboda gargaɗin na'ura a kai shi gaban alƙali cikin lokacin da sashe na 35 ya gindaya, a ba shi kwafin bayanan da ake zarginsa da su, a sama masa lauya ta hannun Hukumar Ba da Agajin Shari'a idan ba shi da hali, a kuma ƙidaya masa kwanakin da ya yi a tsare a gida idan har aka koma batun ɗauri. Kuɗin na'ura ya zama a wuyan gwamnati.

Bayanan da na'urar ke tarawa su ma suna buƙatar kariya, domin taswirar motsin mutum ta wata shida tana nuna masallacin da yake salla, da asibitin da yake zuwa, da gidan da yake neman aure, da taron siyasar da ya halarta. Dokar kare bayanai ta 2023 ta shafi hukumomin gwamnati, amma tana da sassauci ga harkokin binciken laifi, saboda haka dokar munduwar ce za ta fayyace wanda ke da izinin duba bayanan, da tsawon lokacin da za a ajiye su kafin a goge, da kuma cewa ɗan sanda mai binciken wani laifi na daban sai ya nemi izinin kotu kafin a buɗe masa. Ina roƙon kwamitocin shari'a na majalisun jihohinmu, da ƙungiyar lauyoyi, da alƙalan kotunan majistare da na shari'ar Musulunci waɗanda mafi yawan ƙananan laifuffuka ke bi ta gabansu, su nemi a kawo daftarin irin wannan doka a yi zaman jin ra'ayin jama'a a kansa, da Hausa da sauran harsunanmu, kafin a saka kuɗin sayen na'ura ko ɗaya a cikin kasafin kuɗi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Zariya, Jihar Kaduna